Kundin gwajin kayan gyaran mota na odar intanet

9 ga Janairu

Motar gwajin ta fetur ce, silinda huɗu, lita 1.8, giyar hannu, mitarta na nuna kilomita 164,000. An duba ta daga gaba zuwa baya kafin a taɓa komai, an rubuta abin da kwamfutarta ke faɗa a tsaye da kuma a kan gudu, domin duk abin da ya canza daga baya a san daga inda ya fito.

Kowane kaya za a sayo shi kashi huɗu. Akwai na dila, wanda shi ne ma'auni. Akwai mai suna, wato na kamfanonin da dama su ke ƙera wa masu haɗa motoci kaya, irin su Denso da Bosch da Aisin da NGK, daga wakilin da kamfanin ya sani. Akwai marar suna, mai araha, wanda bai yi iƙirarin komai ba. Na huɗun shi ne wanda ya zo a kwalin asali, da tambari da lamba da komai, amma kuɗinsa bai kai rabin na dila ba. Wannan na ƙarshen za mu riƙa kiransa mai kwali.

Kayan awo: kalifa da maikuromita na auna kauri, agogon auna lilo mai gindin maganaɗisu, mitar lantarki, sikana ta OBD-II mai karanta kwamfutar mota ta nuna bayanai kai tsaye, sikeli, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Dokar aikin ɗaya ce: ba a ɗaura komai a mota sai an auna shi a kan benci kusa da na dila, an ɗauki hotonsa da kwalinsa.

17 ga Janairu

An gama oda. Abin da ya fi cin lokaci shi ne lambar kaya. Akwatin nan da shafuka ke sakawa, a zaɓi sunan mota da shekara ya ce “ya dace”, ba abin dogaro ba ne. Mota ɗaya, shekara ɗaya, tana iya fitowa da faifan birki girma biyu, ko sansa iri biyu, gwargwadon kasuwar da aka ƙera ta dominta da watan da ta bar masana'anta. Mun bi ta lambar VIN, wato lambar shaidar motar, mai haruffa da lambobi 17 muka ciro lambar kowane kaya daga kundin kamfanin motar, sannan muka nemi takwararta a kundin mai ƙera kayan, ba a shafin mai sayarwa ba. A lura, babu I, babu O, babu Q a cikin VIN. Wanda ya ga kamar O to sifili ne. Wasu lambobin kuma kamfani ya sauya su da sababbi, tsohuwar lambar na nan tana yawo a shafuka manne da kayan da ba nata ba.

2 ga Fabrairu

Kaya sun iso, saura sansar iska guda, mai auna yawan iskar da ke shiga inji. Tun kafin a buɗe kwali an fara ganin bambanci. Masu kwali suna da sheƙi fiye da na dila, rubutun lambar ya ɗan yi kauri, wani kwalin ma an rubuta ƙasar ƙira daban da wadda ke jikin ƙarfen. Wannan alama ce kawai, ba hujja ba, don kamfanoni kan sauya kwali kuma suna da masana'antu a ƙasashe da yawa.

Filtar iska da robar goge gilashi ba su ba mu aiki ba. Filtar marar suna ta zauna daram a mazauninta, robar gefenta ta toshe ko'ina, an haska tocila ta baya ba a ga huda ba. An ɗaura, an wuce.

6 ga Fabrairu

Filtar bakin mai. An yanka guda ɗaya daga kowane kashi, da abin yankan gwangwani mai ƙafa, ba da zarto ba, don kada garin ƙarfe ya ɓata abin da ake son gani.

Ta dila ninki 54 gare ta. Da aka warware takardar aka miƙe ta ta kai santimita 162 a tsawo, 5.5 a faɗi. Mai suna kusan haka take, bambancin bai kai a rubuta ba. Marar suna ninki 38, tsawo santimita 91, faɗi 5, wato wajen rabin filin tacewa ke nan. Takarda kaɗan tana saurin toshewa, idan ta toshe kuma bawul ɗin kewaye zai buɗe mai ya wuce ba tacewa. Wanda ke juye mai da wuri ba lallai ya ga illa ba. Wanda ke kai shi ƙarshen wa'adi yana tafiya ne da filta a suna kawai.

Mai kwali ce ta fi muni. Gam ɗin da ya haɗa takarda da murfin ƙarshe bai zagaye ba, akwai wurin da ɗan yatsa ke ɗaga takardar, faɗin santimita biyu. Ta nan mai zai bi, don mai ba ya bin hanya mai wuya alhali ga mai sauƙi. A inda ya kamata a ga bawul ɗin kewaye kuwa, sifirin ne kawai ke tokare da ƙarfe, babu abin da ke buɗewa. Da safe mai na da kauri, takardar ce za ta sha matsin har ta yage ko ta murƙushe.

Robar da ke hana mai komawa kwano idan an kashe mota: ta dila silikon ce, laushinta na nan ko an gasa ta, ta marar suna baƙar roba ce mai tauri. Idan wannan robar ba ta rufe ba, filta kan tsiyaye cikin dare, da safe inji ya yi daƙiƙa biyu ko uku yana ƙaf-ƙaf kafin mai ya hau sama.

Wani tarko da ya kamata a ambata: zare, wato haƙoran da ake murza filta a kansu. Akwai M20×1.5, akwai 3/4-16. Filta mai zaren M20 tana hawa kan bututun 3/4, har ta yi kamar ta ɗauru, amma kamun haƙoran kaɗan ne, matsin mai na iya cillo ta a kan hanya. Idan filta na rawa a kan zare yayin da ake murza ta, a sauke.

An ɗaura mai suna. Sauran ba su cancanci a sa inji cikin haɗari dominsu ba.

15 ga Fabrairu

Fulogi, na iridiyom. Dalilin tsadarsa shi ne ɗan tsinin da ke tsakiya, kauri milimita 0.6 a namu. Iridiyom ba ya narkewa sai wajen digiri 2,450, nikel kuwa 1,455, shi ya sa ake iya sirantar da tsinin ya kuma daɗe bai cinye ba.

Da madubin ƙara girma, tsinin na dila yana da zoben walda siriri a inda aka liƙa iridiyom a kan nikel. Na mai kwali babu zobe, ƙarfe ɗaya ne aka fere shi ya yi tsini, har sawun feran na nan. Wasar, wato zoben ƙarfen da ke gindin zare, tana zamewa ta fita da hannu, alhali ta asali ba ta fita sai an murɗo ta. Mitar lantarki ta ƙarasa zancen. Tsakanin kan fulogi da tsini, na dila huɗun sun ba da juriyar wuta ta kilo-om 4.6 zuwa 5.3. Masu kwali sun ba da 1.9 da 3.0 da 8.4 da 11. Fulogi huɗu daga kwali ɗaya, kowa da inda ya nufa.

Duk da haka an ɗaura masu kwalin, da gangan, don a ga abin da suke yi a cikin inji, da sharaɗin za a ciro su a duba duk kilomita 1,000. Tazarar baki milimita 1.1 ce a dukkansu. Ɗauri 25 Nm, inji a sanyaye, zare a bushe. Mitar mota: kilomita 164,900.

1 ga Maris

Birki. Nan aka daɗe.

An fara da wanke fuskar hob, wato gindin da faifai da taya ke hawa, da buroshin waya har ƙarfe ya fito fari. Tsatsa mai kaurin gashi a nan tana iya karkatar da faifai mai lafiya, a zo ana zagin mai sayarwa a banza. An auna hob ɗin shi kaɗai, lilonsa, wato karkatar fuskarsa idan ana juya shi, milimita 0.02. Sannan aka sa kowane faifai, aka ɗaure notuna duka, kowanne da zoben ƙarfe a ƙarƙashinsa, a kan ƙarfin da littafi ya ce, aka ɗora agogo milimita 10 daga baki, aka juya a hankali. Iyakar littafin motar 0.05 ce.

Na dila 0.03. Mai suna 0.03 da 0.04. Marar suna ɗaya ya ba da 0.04, ɗayan 0.11. Kafin a yanke masa hukunci an cire shi an juya shi rami-rami a kan hob, ko lilon nasa zai kashe na hob ɗin. Bai sauka ƙasa da 0.09 ba, kuma wurin da ya fi tudu yana bin faifan duk inda aka juya shi. Laifin faifai ne.

Ga dalilin da ya sa wannan ɗan adadin ke da muhimmanci. Faifai mai lilo ba ya girgiza sitiyari ranar da aka sa shi. Abin da yake yi shi ne gogar fad, wato gammon birkin da ke matse faifai, a wuri ɗaya duk zagaye, ko ba a taka birki ba. Bayan 'yan dubban kilomita wurin ya siranta fiye da sauran, sai feda ta fara bugun ƙafa. Direba ya ce zafi ya lanƙwasa faifai, alhali tun daga kwali ya zo da ciwonsa, kuma zuwa lokacin ranakun mayar da kaya sun wuce.

Kauri duka milimita 22 ne, kuma duka an buga 20 a matsayin iyakar cinyewa. Amma sikeli ya tona: na dila kilo 5.3, marar suna 4.6. Da aka leƙa gefe, ramin iskar da ke tsakiya ya fi faɗi, bangon biyu sun fi siranta. An rage ƙarfe ta inda kalifa ba ya gani. Ƙarfe kuwa shi ne ke shanye zafi, faifai marar nauyi ya fi saurin yin ja a gangara.

Fad. A bayan mai suna akwai harafin E cikin da'ira da lambar ƙasar da ta ba da shaida, sai 90R da jerin lambobi. Wannan ƙa'idar R90 ce, wadda ta ce kamun fad ɗin canji kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari, sama ko ƙasa. A gefensa kuma akwai FF. Harafin farko kamu ne a ƙaramin zafi, na biyu a babban zafi. E na nufin ƙarfin kamu 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G 0.45 zuwa 0.55. Marar suna EE aka buga masa, bai ɓoye ba. Mai kwali an buga masa 90R, amma lambar da ke jikin fad daban, ta kan kwali daban. Buga tambari ba wuya gare shi ba.

Kunnuwan marar suna ba su shiga mazauninsu ba sai da duka, saboda fenti ya yi kauri kuma an bar kaifin yanka. Fad ɗin da aka cusa da guduma ba ya komawa baya idan an saki birki, zai yi ta goga yana ɗumama taya. An bi kunnuwan da magagari kaɗan har ya riƙa zamewa da yatsa. Mai kwali kuma, da aka sa bakin sukudireba tsakanin gammon da farantin baya, sai gefe ya ɗago. Wannan ba a ɗaura shi ba, kuma ba za a ɗaura ba.

An sa faifai mai suna da fad marar suna a tayun gaba biyu. Ba a haɗa iri biyu a aksul ɗaya, ko don gwaji, mota za ta ja gefe.

3 ga Maris

Zaunar da fad: taka birki sau goma daga gudun kilomita 60 zuwa 10 a awa, taku matsakaici, ba a tsayawa cak, sannan tafiyar minti goma ba birki don ya huce. Kamu ya isa, amma ƙafa na aiki fiye da da. A taku na shida a jere daga gudun 100 wari ya tashi, feda na nan da tauri amma motar na ƙara nisa. Idan feda ta yi taushi man birki ne ya tafasa. Idan tana da tauri mota ba ta tsayawa, fad ne ya gaza. Namu na fad ne.

22 ga Maris

Tamostat da murfin lagireto, kayan da ba a cika kulawa da su ba. An rataya tamostat uku da waya cikin tukunyar ruwa, ba su taɓa gindi ba, da ma'aunin zafi a ciki. Duka an buga musu 82. Na dila ya fara buɗewa a 82, mai suna a 83, dukansu sun buɗe sosai kafin 95. Marar suna ya fara a 74, kuma da ruwa ya huce bai koma ya rufe ruf ba, ana hango haske ta gefen bawul. Irin wannan ba ya sa mota zafi, sanyi yake sa ta: inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da ƙara fetur, wata rana ta jefo lambar matsala P0128. Ba shi kuma da ɗan ƙarfen nan mai motsi da ke fitar da iska, wanda ake juyawa sama wajen ɗaurawa.

Murfi an buga masa 1.1, wato matsin da zai riƙe a ma'aunin bar. A kan famfon gwaji na dila ya riƙe har 1.1, marar suna ya saki a 0.7. Zallan ruwa a ƙarƙashin matsin 1.1 sai wajen digiri 122 yake tafasa, a 0.7 kuwa wajen 115. Digiri bakwai ke nan aka yi asara, kuma su ne ake buƙata a hawan tudu da kaya.

Fulogi a kilomita 1,000: tazara ta koma 1.2. Inji lafiya.

12 ga Afrilu

Sansar iska ta iso. Ita ba a gane ta a kan benci, sai a mota. Da ta asali, inji da zafi a tsaye, sikana na nuna giram 2.1 a daƙiƙa, gyaran fetur na dogon zango, wato kason da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa, +2 cikin ɗari. Da marar suna, a tsaye 2.0, babu abin zargi. An share abin da kwamfuta ta koya, aka yi kilomita 80. A gudun babbar hanya gyaran ya haura +17. Ma'ana sansar na rage lissafin iska idan iskar ta yi yawa, kwamfuta ta ba da fetur kaɗan, sansar hayaƙi ta kai ƙara, kwamfuta ta yi ta cikawa. Fitilar inji ba ta kama ba, don bai kai inda P0171, lambar ƙarancin fetur a cakuɗi, ke faɗowa ba. Wanda ba shi da sikana zai ce kaya ya yi. Matsalar tana wajen taka totur har ƙasa, lokacin da kwamfuta ke daina sauraron sansar hayaƙi ta dogara da ta iska. A nan ne cakuɗin ke iya ramewa inji ya ɗau zafi. An mayar da ta asali, bayan an fesa mata ruwan wankinta. Ba a taɓa wayar cikinta da komai.

Sansar hayaƙi ta gaba a wannan motar mai auna cakuɗi ce, ba irin tsohuwar da ke lilo tsakanin volt 0.1 da 0.9 ba. Wadda mai kwali ya aiko soket ɗinta ɗaya da tamu, zarenta ɗaya, wayoyi huɗu. Mitar lantarki a kan wayoyin hita: tamu om 2.4, tasa 13. Tsohuwar irin ce aka sa wa soket ɗin sabuwa. Ba a ɗaura ba.

A gefe: masu sayen sansa marar soket su haɗa waya da kansu, a matse da ƙarfen haɗi, kada a yi dalma. Wasu sansoshin ta tsakanin silin waya suke shaƙar iskar da suke kwatance da ita, dalma na toshe hanyar.

10 ga Mayu

Ƙafar mota. An sa hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota, mai suna a hagu, marar suna a dama. A nan haɗawar ba ta da haɗari matuƙar tsawonsu ɗaya, kuma an auna rami zuwa rami, bambancin bai kai milimita ɗaya ba. Hanya ɗaya, rana ɗaya, nauyi kusan ɗaya, sai a ga wace roba ce za ta riga gajiya.

Boljoyin ɗin marar suna yana juyawa da yatsa biyu tun yana sabo, na mai suna sai an sa ƙarfi. An ɗaga robarsa, giris ɗin bai fi a shafa a farce ba, an ƙara masa. Kusoshin da suka zo tare da shi babu lamba a kansu. Na asali 10.9 ne, wanda ke ɗaukar wajen megafaskal 1,000, 8.8 kuwa 800. Wanda ba lamba ba a san nasa ba, an jefa shi kwandon ƙarafa aka sayo na dila.

Kusoshin bushin ba a ƙarasa ɗaure su mota na kan jak. Sai an sauke ta ta zauna a kan tayunta. Idan aka ɗaure tana rataye, robar na zama a murɗe har abada, ta yage cikin watanni, ko ta wane kamfani ce. Kaso mai yawa na bushin ɗin da ake cewa jabu ne, ɗauri ne ya kashe su.

Boris na gaba, dama, marar suna. Gefe ɗaya na sil ɗinsa maganaɗisu ne, shi sansar ABS, tsarin hana taya kullewa, ke karantawa, dole ya fuskanci sansa. An gane gefen da ɗan kilif na takarda, inda ya manne nan ne. An danna shi ta zoben waje, an tokare zoben ciki wajen shigar da hob, notin aksul sabo, an ɗaure da sifanar awo ba da bindiga ba.

14 ga Mayu

Boris ba ya kuka, ba ya wasa. Amma dab da tsayawa, ƙasa da gudun 10, feda na karkarwa, ABS na shiga a kan busasshiyar kwalta. Sikana ta nuna tayu uku na karanta 7, ta gaban dama ta faɗi sifili ta dawo. Maganaɗisun zoben ba shi da ƙarfi, a ƙaramin gudu sansa na rasa shi, kwamfuta ta zaci taya ta kulle sai ta saki birki. An share bakin sansa, an duba tazara, bai canza ba. An fitar da shi, kuma boris ba ya fita da rai. Mai suna ya shiga, matsalar ta ɓace. Aiki biyu, notin aksul biyu, saitin ƙafa biyu.

7 ga Yuni

Mita 168,100, fulogi masu kwali sun yi kilomita 3,200. Mota ta fara tsinkewa a hawa, fitila ta kama, P0302, lambar tsinkewar wuta a silinda ta biyu. An musanya kwayil na biyu da na uku, lambar ta tsaya a silinda ta biyu, ke nan ba kwayil ba ne. Da aka ciro fulogin, tsinin ya zama dunƙule, tazara 1.6. Sauran 1.4 da 1.4 da 1.5. Faɗin tazara na tilasta wa kwayil ya ƙara ƙarfin wuta, shi ke cinye kwayil, man da bai ƙone ba kuma ya gangara ya gasa katalis, matatar hayaƙin da ke salansa. An cire su duka, na dila sun shiga.

An yi amfani da damar aka sa kwayil marar suna a silinda ta huɗu. A sanyi lafiya lau.

29 ga Yuni

Kwayil ɗin ya yi sati uku. Yanzu idan inji ya yi minti arba'in yana aiki, sai P0304; a bar shi ya huce, ya koma kamar ba shi ba. An mayar da shi silinda ta ɗaya, lambar ta bi shi, P0301. A jikin robarsa akwai siririn layi fari inda wuta ke tsallakewa. Ya fita.

19 ga Yuli

Batun mayar da kaya. Faifai mai lilo an karɓe shi ba gardama, don an aika hoton agogo a kansa tun ranar da aka auna, bai taɓa birgima a hanya ba. Sansar iska an ƙi, wai kayan lantarki da aka ɗaura ba ya komawa. Shagon da ya sayar da fulogi da filta masu kwali ya ɓace daga shafin, amma hotunansa da bayaninsa, har da kuskuren rubutun da ke ciki, sun bayyana ƙarƙashin wani suna.

Taurarin yabo da ke ƙarƙashin fulogin nan kusan cike suke. Da aka karanta, yawancinsu an rubuta su ne a makon da kaya ya iso: ya zo da wuri, kwali mai kyau, mota ta tashi. Namu ma sun tashi, har kilomita dubu uku. Wasu shafukan kuma suna tara masu sayarwa da yawa ƙarƙashin talla ɗaya, yabon na wani, kayan da zai zo na wani. Layin da ke faɗin wanda ya sayar da wanda zai aiko ya fi taurarin amfani.

30 ga Agusta

Mita 173,400. Fad marar suna ya yi kilomita 8,000 da ɗoriya. Gammonsa ya sauka daga milimita 11 zuwa 7.5, cinyewar daidai take ciki da waje, babu tsagewa, bai ci faifai ba. Ƙura dai ya baƙanta rim. Lilon faifai mai suna na nan 0.04, bambancin kauri a wurare takwas da aka auna bai kai 0.01 ba. Ra'ayinmu kan fad ɗin: a cikin gari yana aikinsa, yana saurin ƙarewa, kuma ba za mu sa shi a motar da ke sauka gangara da lodi ba. Abin da ya rubuta a jikinsa shi muka samu. An sauya shi da mai suna don zagaye na biyu, aka juye man birki da DOT 4 daga sabuwar gora, wanda ƙa'idarsa ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, 155 idan ya sha danshi.

Filtar iska marar suna lafiya, bayanta tsaf, babu ƙura a bututun da ke bin ta. Robar gilashi ta fara barin layi a gefen direba.

27 ga Satumba

An ɗaga mota don duba ƙafa, kilomita 7,600 tun ɗaurin Mayu. Hagu babu labari. A dama, babban bushin na baya ya yi tsage-tsage a fuska, kuma da aka sa ƙarfe aka banƙara, robar ta fara rabuwa da bututun tsakiya ta gefe ɗaya, tsawon wajen milimita 8. Robar boljoyin ta bushe ta tsage a ninki, giris ya fara leƙowa, amma ƙwallon bai fara wasa ba tukuna. Taya ta dama ta soma cin gefen ciki kaɗan: zurfin zane milimita 5.9 a ciki, 6.6 a waje.

An yi wa tsagar alama da farin fenti a ƙarshenta biyu, za a sake aunawa bayan kilomita 1,000. Idan ta kai rabin zagaye, ko boljoyin ya nuna wasa ko kaɗan, hannun zai fita a ranar. An yi odar shokazoba na baya da famfon ruwa, kashi uku kawai wannan karon, an bar mai kwali. Famfon za a fara da duba fukafukansa da wasan sandarsa a kan benci, shokazoba kuma a auna tsawonsa a miƙe da a matse kusa da na dila.